Uzla da Aikin Hannu a Zamanin Intanet

Daga cikin tsofaffin tambayoyin da wayar hannu ta tayar daga barci akwai wadda malaman tarbiyya suka daɗe suna jayayya a kanta, wato ko ya fi wa mutum alheri ya janye jikinsa daga jama'a domin ya tsira da zuciyarsa, ko kuwa ya zauna cikinsu ya jure abin da zama da mutane ke jawowa. Sunan da suka ba wannan janyewa shi ne uzla, ma'ana mutum ya keɓe kansa daga taro da gangan, ba don ciwo ko kora ba, sai don neman gyaran zuciya. Abin da ya sauya a wannan zamani shi ne taron da ake gudu ya tashi daga dandali da kasuwa da ƙofar gida ya shige aljihu, ta yadda mutum zai iya rufe ɗakinsa ya kashe fitila, alhali yana tsakiyar dubban mutane masu gardama da yabo da zagi da tallar kai har gari ya waye. Shi ya sa ake samun mutane a ƙasashe daban-daban suna rage zama a kafafen sada zumunta, wasu ma su rufe shafukansu ɗungurungum, su kama ɗinki ko ginin tukwane ko sassaƙa ko rubutun hannu, suna cewa a nan suka sami natsuwar da ta ɓace musu. Maganarsu tana da gaskiya, amma gaskiyar ba ta inda mafi yawansu suke zato, domin ajiye waya shi kaɗai bai isa ya gyara zuciya ba. Abin da hannu ya ɗauka bayan ya ajiye ta shi ne ke yanke hukunci.

Kafin a yi batun magani sai an san inda ciwon yake. Abin da zaman intanet ke ci ya wuce kuɗin data da sa'o'in dare, domin babban abincinsa shi ne hankali, a ma'anarsa ta ikon da mutum ke da shi na tsayar da tunaninsa a kan abu guda har ya ga ƙarshensa. Tun a shekarar 1971 masanin tattalin arziki ɗan Amurka, Herbert Simon, ya lura cewa labari ma yana da abin da yake ci, wato hankalin mai sauraro, saboda haka duk inda labarai suka yi yawa hankali zai yi ƙaranci ya kuma yi tsada. Manyan kamfanonin sada zumunta suna samun mafi yawan kuɗinsu ne daga talla, talla kuwa tana biya gwargwadon daɗewar ido a kan gilashin waya, don haka aka ƙera manhajojin ta yadda fita daga cikinsu za ta yi wuya. A 2006 Aza Raskin ya fito da tsarin shafin da ba ya ƙarewa, wanda komai jan da yatsa ya yi masa sai wani sabon abu ya ɓullo daga ƙasa, kuma daga baya shi da kansa ya fito fili ya nuna nadamar abin da tsarin ya zama. A 2009 kuma Facebook ya kawo maɓallin nuna so, wanda ya mayar da yabon mutane lamba da ake ƙirgawa a kwatanta da ta wani. Masana halayyar ɗan Adam sun san tun daga gwaje-gwajen B. F. Skinner a kan tattabaru da ɓeraye cewa lada mai zuwa ba zato ba tsammani ta fi ɗaure mai nema a kan wadda ya san lokacinta, kuma a kan wannan ƙa'ida caca take tsaye. Najeriya ta shiga zamanin wayar salula a 2001, kuma kafin yaron da aka haifa a wannan shekara ya isa aure, wayar ta riga ta zama abin da mutane da yawa ke lalube kafin alwalar asuba.

A ma'aunin addini wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin hankali amana ne. Aya ta 36 a Suratul Isra'i ta tabbatar da cewa za a tambayi mutum game da jinsa da ganinsa da zuciyarsa, kuma Bukhari ya rawaito hadisin da ke gargaɗi a kan yadda mutane ke tafka hasara a cikin ni'imar lafiya da ta sararin lokaci. Abin lura na musamman shi ne yadda farkon Suratul Mu'minun ya jera siffofin masu rabo, inda ya ambaci khushu'i a cikin salla, wato halartar zuciya da ƙanƙan da kai, sannan nan take ya bi shi da kau da kai daga lagwu, wato duk magana ko aikin da ba shi da amfanin duniya balle na lahira. Zuciyar da aka horar dare da rana a kan tsalle daga wannan bidiyo zuwa wancan cikin daƙiƙu kaɗan ba za ta sauya ɗabi'a don kawai mai ita ya yi kabbarar harama ba, kuma mai kukan cewa tunaninsa na yawo a salla yakan manta cewa shi ne ya wuni yana koya masa yawon. Wata malamar falsafa 'yar Faransa, Simone Weil, wadda ta rasu a 1943, ta isa ga irin wannan fahimta ta hanyarta, inda ta riƙi cewa ƙashin bayan addu'a shi ne tattara hankali, kuma duk aikin da ya koya wa mutum tsayar da tunani da gaskiya, ko da lissafin makaranta ne, yana shirya shi ga tsayuwa a gaban Ubangiji. Idan haka ne, tambayar ta tashi daga batun hutun ƙwaƙwalwa ta koma batun ibada.

Kaɗan ne suka tsettsefe mas'alar uzla kamar Imam Gazali, wanda ya ware mata littafi guda daga cikin littattafai 40 na Ihya'u Ulumid Din, kuma ya yi magana ne a matsayin wanda ya ɗanɗana. A shekarar 1095, yana kan ganiyar shahararsa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ya bar kujerar koyarwa ya fita zuwa Dimashƙa da Baitul Maƙdis da Makka, bayan ya binciki niyyarsa ya gano, kamar yadda ya bayyana da kansa a Almunƙizu minad Dalal, cewa neman suna da matsayi ne ke tura shi. Duk da haka bai yanke cewa uzla ta fi a kowane hali ba. Ya lissafa fa'idojinta, kamar samun sararin ibada da tunani, da tsira daga giba da riya, da kuɓuta daga husuma da fitina, da yanke kwaɗayin abin hannun mutane, da kauce wa satar ɗabi'a, wato yadda hali ke ɗaukar halin abokin zama a ɓoye ba tare da mai shi ya sani ba. Kuma duk wanda ya san abin da ke gudana a kafafen sada zumunta zai ga kamar jiya aka rubuta wannan jeri. Sai dai ya kuma lissafa abin da mai uzla ke rasawa, wato koyo da koyarwa, da amfanar da mutane da amfana da su, da horon da jure halin jama'a ke yi wa rai, da ɗebe kewa, da ladar halartar jana'iza da gaida marar lafiya, da tawali'u, da gogewa. Hukuncinsa shi ne a dubi mutumin da halinsa da abin da ya sa shi janyewa, kuma shi kansa ya koma koyarwa a Naisabur a 1106, shekara biyar kafin rasuwarsa. Ya kuma yi gargaɗin cewa wanda ya keɓe kansa ba tare da guzurin ilimi ba galibi zai ƙarar da lokacinsa ne a barci ko saƙe-saƙen banza.

Wannan gargaɗi shi ne ƙofar batun aikin hannu, domin zuciya ba ta zama fanko, kuma wanda ya kashe wayarsa ya naɗe hannu zai tarar da hayaniyar da ya gudo mata tana jiransa a cikin kansa, kafin kwana uku kuma ya koma inda ya fito. Ibn Haldun, wanda shi ma ya rubuta Muƙaddima a 1377 yana keɓe a wata ganuwa da ake kira Ƙal'atu Ibn Salama a ƙasar Aljeriya ta yau, bayan ya gaji da rikicin fadoji, ya bayyana sana'a da cewa malaka ce, wato ƙwarewar da ke zama a cikin mutum ta hanyar maimaita aiki sau da yawa har siffarsa ta kafu, kuma ya nuna cewa abin da aka koya ta gani da ido da taɓawa da hannu ya fi kafuwa a kan wanda aka samu ta labari. Ya ƙara da cewa kowace sana'a tana bar wa mai ita wani ƙarin hankali, ya kuma kwatanta kafuwar malaka a cikin rai da yadda rini ke kama tufa, wanda in ya kama da wuya wani launi ya hau kansa. Abin da ke bin bayan wannan shi ne rai yana rinuwa da abin da yake maimaitawa, ko mai shi ya so ko bai so ba. Yatsan da ke jan gilashi sau ɗaruruwa a yini shi ma malaka yake ginawa, sai dai ta gaggawa da gajen haƙuri ce, kuma tun da maimaici ne ya kafa ta, kyakkyawar niyya ta dare ɗaya ba za ta tumɓuke ta ba, sai wani maimaicin mai tsawo.

Kwatancen rini yana da sauƙin ganewa ga duk wanda ya taɓa tsayawa a karofin Ƙofar Mata a Kano, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498, a birnin da matafiyi Bajamushe Heinrich Barth ya tarar a 1851 yana tufatar da yanki mai faɗi na Afirka da saƙarsa da rininsa. Marini yana zuba ruwa a rijiyar rini mai zurfi, wadda aka shafe cikinta da laso don kada ƙasa ta tsotse, ya haɗa baba da toka da katsi, wato ƙonanniyar lakar da aka kwaso daga gindin tsohuwar rijiya, sannan ya bar haɗin ya ruɓa na kwanaki yana motsa shi da doguwar muciya. Babu agogon da zai gaya masa ruwa ya nuna. Kumfar da ta taso, da warinsa, da launin da ya bayyana a samansa su ne ke ba shi labari, kuma sanyin hunturu da zafin bazara kowanne yana sauya lissafin. Idan ya tsoma ƙyalle ya matse ya ɗago, ƙyallen yakan fito kore-kore, sai iska ta buge shi ya riƙa juyewa shuɗi a gaban ido, domin launin baba ba ya zauna a cikin zare sai ya sha iska. Mai son shuɗi mai duhu, irin na turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa, ba shi da wata hanya face ya tsoma ya ɗago, ya jira, ya sake tsomawa, sau da yawa, yana tsugune a bakin rijiya, kafin a kai wa mabuga su ɗora a kan gungume su yi ta duka har ya ɗauki ƙyalli.

Abin da ke tarbiyyantar da rai a nan shi ne baba ba ya jin lallashi kuma ba ya karɓar uzuri. A intanet mutum na iya faɗin abin da bai sani ba da kakkausar murya ya sami dubban masu tafa masa, ya goge kuskurensa kamar bai faru ba, ya toshe wanda ya gyara masa. A bakin rijiyar rini kuwa, in ya gaggauta ƙyalle zai fito dabbare-dabbare, in haɗi bai daidaita ba ruwan zai lalace, kuma ba shi da wanda zai ɗora wa laifi. Haka yumɓu yake ga mai ginin tukwane, wadda tukunyarta za ta fashe a wuta in ba ta bari ta bushe ba, haka fata take ga baduku, haka ƙarfe ga maƙeri. Matthew Crawford, Ba'amurken da ya yi digirin digirgir a falsafar siyasa sannan ya bar ofis ya buɗe shagon gyaran babura, ya gina littafinsa na 2009 a kan wannan hujja, cewa injin da ya ƙi tashi yana tilasta wa mutum ya fita daga cikin kansa ya saurari abin da ke gabansa. Malaman tasawwufi za su kira wannan maganin ujubu, wato cutar da ke sa mutum ya riƙa ganin girman kansa da kyawun aikinsa.

Misali mafi kusa da zuciyar al'amarin yana cikin tsangaya, inda aikin hannu da ibada suka zama abu guda. Almajirin da ya kai matakin rubuta allonsa da kansa yakan fara da feƙe alƙalamin gamba da aska, ya karkata bakinsa ya tsaga shi daidai yadda zai riƙe tawada ba tare da ya zubar ba, tawadar kuma da gawayi da ƙaro aka haɗa ta aka zuba a kurtu. Yakan wanke allo ya shanya, ya jingina shi a gwiwa, ya rubuta, ya karanta har ya zauna, ya wanke ya sake, shekara da shekaru, har wasu su kai matsayin alarammomin da ke zama su rubuta izifi sittin da ka a kan warƙoƙi, baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja, bisa ruwayar Warshu, ba tare da sun buɗe mus'hafi ba. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa da rabin hankali, domin ɗigo ɗaya da ya faɗi inda ba muhallinsa ba yana iya sauya harafi, kuma wanda ya rubuta aya da hannunsa ya san tsawonta da nauyinta ta hanyar da mai tura ta daga wannan saƙo zuwa wancan ba zai sani ba. A nan ake ganin ma'anar itƙani, wato kyautata aiki har ƙarshe, wanda hadisin da Baihaƙi ya rawaito ya nuna abin so ne a wurin Allah, da kuma ihsani, wanda hadisin Jibrilu ya bayyana da bauta irin ta wanda ya sakankance ana ganinsa.

Batun mai gani shi ne ya raba wannan aiki da rayuwar intanet rabuwa mafi zurfi. Kafafen sada zumunta a kan idon mutane aka gina su, ta yadda abin da ba a nuna ba kamar bai faru ba, kuma a irin wannan ƙasa riya ke tsirowa, wato yin aiki don a gani a yaba, cutar da aka kira ƙaramar shirka. Aikin hannu na gaskiya kuwa cike yake da wuraren da ba mai gani: bayan aikin babbar riga mai aska takwas, inda ƙullin zare ke ɓoye, da cikin tulu, da azarar da aka lulluɓe da ƙasa a cikin bakan gizon soro. Mai ɗinkin da ya tsabtace bayan aikinsa alhali ya san mai saye ba zai juya ba yana horar da kansa a kan ikhlasi ko da bai taɓa jin babinsa a littafi ba. Amma a nan ne kuma tarko yake, domin ana iya kama ɗinkin hula ko zanen ƙwarya da niyyar samun abin ɗauka a hoto, a kafa waya a gefe tun kafin a zura zare a allura, rabin zuciya na kan aiki rabi na lissafin masu kallo. Wanda ya yi haka bai bar taron ba, kayan tallarsa kawai ya sauya, kuma abin da zai gwada kansa da shi shi ne ko zai iya gama abu mai kyau ya kyautar ko ya ajiye ba tare da ya ji ƙaiƙayin nunawa ba.

Ana iya tambaya ko ado da zane, musamman ga wanda ba da su yake ci ba, ba su ma shiga cikin lagwun da ake gudu ba. Tarihin Musulmi ya amsa wannan a aikace, domin saɓanin malamai game da surar abu mai rai bai kashe fasaha ba, sai ya karkatar da ita zuwa rubutu da zayyana da gini, kamar yadda ake gani a allon zayyanar mai sauka da kuma Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa da azara wajen shekarun 1830. Alƙur'ani ya ambaci cewa Allah ne ya koya wa Annabi Dawuda ƙirar sulke, ya kuma umarce shi da daidaita saƙarsa, Bukhari kuma ya rawaito cewa daga aikin hannunsa yake ci. Muslim ya rawaito cewa Annabi Zakariyya kafinta ne. Nana A'isha ta ba da labarin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ɗinke tufarsa ya gyara takalminsa. Nana Zainab bint Jahsh kuwa tana jima da ɗinkin fata ta yi sadaka da abin da ta samu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaji, ya sa kula da masu sana'a irin su maƙera da marina da maɗinka cikin wajibcin shugaba. Abin takaici ne a ce al'ummar da ta gaji wannan ta wayi gari tana ganin mai takardar digiri da ke zaune yana latsa waya ya fi baduku daraja.

Adalci ya wajabta a faɗi abin da masu begen aikin hannu kan tsallake. Ba kowane aikin hannu ke 'yanta rai ba. Simone Weil, wadda ta bar koyarwa ta shiga masana'antu a 1934 da 1935, har da kamfanin motoci na Renault, ta fito da shaidar cewa maimaita motsi guda cikin sauri a gaban inji kashe tunani yake yi. William Morris, wanda ya jagoranci farfaɗo da sana'o'in hannu a Ingila a ƙarni na 19, har ya je garin Leek a shekarun 1870 ya koyi rinin baba hannuwansa suka yi shuɗi, ya ƙare yana baƙin cikin cewa masu kuɗi kaɗai ke iya sayen kayansa. A Kano kuwa rijiyoyin rini da yawa sun bushe ko an cike su, a duniyar da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da baba na sinadari tun 1897, yadudduka masu araha kuma suka kwararo daga waje, kuma marinin da ya tsufa a bakin rijiya ba hutun zuciya ya je nema ba, abincin iyalinsa yake nema. A gare shi, da matar da ke ɗinkin hula a cikin gida, waya na iya zama rahama, domin ta WhatsApp ko Instagram mai saye a Legas ko Yamai zai ga kaya ya aiko da kuɗi ba tare da dillali ya cinye ribar ba. Rashin tausayi ne wanda ya ƙoshi ya yi wa irin waɗannan wa'azin ajiye waya.

Saboda haka bambancin da ya dace a kiyaye shi ne tsakanin wayar da ake ɗauka don wata buƙata sananniya a ajiye in an gama, kamar yadda ake ɗaukar almakashi, da wayar da ta zama mazaunin da ake kwana a tashi a cikinsa ba tare da an san abin da ake jira ba. Idan kuma aka koma ga ma'aunin Gazali za a ga cewa barin wannan mazauni zuwa ga sana'a ba ita ce uzlar da ya ji wa tsoro ba. Sana'a ba ta kammala sai a gaban gwani; bidiyo na iya nuna yadda ake riƙe allura, amma ba zai kama hannun mai koyo ya gyara masa ba, ba zai ce masa warware ka sake ba. Wanda ya je rumfar baduku ko gidan masaƙi zai durƙusa ya gaida dattijon da wataƙila bai taɓa shiga aji ba, ya share wuri, a aike shi, a yi masa faɗa ya haɗiye, ya ci abinci kwano ɗaya da sauran masu koyo, in an yi rasuwa a unguwar ya tashi tare da su. Koyo da koyarwa, da amfanarwa, da horo, da ɗebe kewa, da tawali'u, da gogewa, duk fa'idojin cuɗanyar da ake ji wa mai uzla tsoron rasawa suna nan a rumfar, illolin da aka ce a guda kuwa sun fi yawa a taron da ya baro. Masu kafa hujja da hadisin da Tirmizi ya rawaito kan fifikon wanda ke cuɗanya da mutane yana jure cutarsu, don su kare zamansu a intanet, sun ɗora shi inda bai zauna ba, domin ba a kiran abu haƙuri a wurin da ake kawar da mutum da danna maɓalli ɗaya.

Ilimin da ke cikin littafi yana iya jiran mai karatu shekaru masu yawa, wanda ke cikin hannu kuwa yakan bi mai shi kabari idan bai sami magaji ba, kuma da yawa daga cikin gwanayen rini da saƙa da dukanci da rubutun allo sun manyanta. Ya kamata uban da ke kukan ɗansa ya nutse a waya ya daina tsayawa a kan ƙwace ta, ya kama hannun yaron ya kai shi gaban mai sana'a a unguwarsu lokacin hutun makaranta, ya biya abin da aka yanka masa, ya kuma jure ganin ɓatattun ƙyallaye da karkatattun ɗinke-ɗinke na watannin farko. Haka ya kamata malaman Islamiyya su mayar wa ɗalibai alƙalami da tawada a gefen littattafan bugu, babban da ya ji tunaninsa ya tarwatse shi ma kada ya ji kunyar zama ɗan koyo da furfurarsa, ya je tun gwanayen suna raye.